Yadda Mota Ta Gagari Yusha'u Mai Albasa

Duk wanda ya daɗe a Sabo, unguwar Hausawan Ibadan, ya san Yusha'u mai albasa. Tun yana saurayi ya baro ƙauyensu a ƙasar Kabi, ya biyo wani kawunsa zuwa Ibadan. Da dako ya fara a Kasuwar Shasha, har Allah Ya ɗaga shi ya koma zuwa arewa da kansa yana lodin albasa. Dogo ne mai raha, wanda idan ya dawo daga tafiya sai majalisar ƙofar masallaci ta cika don jin labarin hanya. Matarsa Saude, wadda ke sayar da yaji da daddawa a cikin gida, takan ce barcin da ya yi a gaban babbar mota ya fi wanda ya yi a ɗakinsa yawa.

Abokin tafiyarsa shi ne Manniru. Tare suke lodi, tare suke tsayawa cin tuwo a Kontagora, kuma ba su taɓa isa Ibadan ba tare da sun yi musu a kan wani abu ba.

Wata bazara da hantsi, sun ɗan wuce Mokwa, tayar gaba ta fashe a gangare, mota ta kife. Yusha'u ya tsinci kansa a cikin ciyawa, babu abin da ya same shi sai ƙujewa a kafaɗa. Manniru kuwa ƙarfe ya danne shi daga ƙugu, buhuna sun zubo a kansa. Yusha'u ya yi ta jan buhuna har faratansa suka fashe. Mutanen da suka taru sun yi iya ƙoƙarinsu, ƙarfe ya ƙi motsi. Daga ƙarshe sai ya durƙusa ya riƙe hannun abokinsa, yana ji yana kiran sunansa, har muryar ta ɗauke.

A Sabo kowa barka yake yi masa. Shi ma ya gode wa Allah, ya huta, ya sake shirin tafiya. Ranar da ya ɗora ƙafa a matakalar mota sai ya kasa hawa. Gumi ya karyo masa, ƙirjinsa ya toshe kamar an ɗora masa buhu. Aka zaunar da shi a inuwa, motar ta tafi ta bar shi.

Daga nan abin ya yi ta cin gaba. Bas ta gagare shi, keke mai ƙafa uku ta gagare shi, okada, wato acaɓa, ma haka. Idan tirela ta danna oda a shataletalen Mokola, sai ya dafa bango. Ranar da Saude ta jefa albasa a mai, ƙamshin ya kore shi daga gidan ko takalmi babu. Tun daga ranar ta daina sa albasa a miya.

An yi rubutu, an yi addu'a. An je asibiti, a ƙafa, aka auna zuciya da jini aka ce lafiyarsa lau. Wannan maganar ta fi komai ƙona masa rai, don ya fi son a ce ga ciwo kaza, ga maganinsa.

Babbar 'yarsa Najiba, wadda ke aure a nan Sabo tana kuma aiki a wani shagon magani a Mokola, ita ta kawo zancen wani mutum da ke zama da masu irin wannan damuwa yana sauraronsu.

"Wato haukacewa na yi ke nan?" in ji Yusha'u.

"Ba haka ba ne, Baba. Magana kawai za ku yi."

"Maganar da nake yi da Ubangijina ba ta isa ba?"

Limamin unguwa ne ya raba gardamar. Ya ce masa ya ci gaba da addu'a, ya kuma je, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Suka taka a ƙafa, shi da Najiba. Ya zaci zai ga gado da allura. Sai ya tarar da ɗan ɗaki mai kujeru da fanka, da wani Bayarabe mai furfura a gemu, Mista Akanji. Yarabancin Yusha'u na kasuwa ne, na gaisuwa da ciniki da faɗa da 'yan dako, saboda haka Najiba, da aka haifa a Sabo, ita ta zama tafinta.

Mista Akanji ya ce shi ba ya ba da magani. Abin da aka faɗa a ɗakin nan, a nan zai tsaya, sai fa idan ya ga rai na cikin haɗari. Ya ce zaman farko tambayoyi ne kawai, kuma duk wadda Baba bai so amsawa ba ya bar ta. Ya ƙara da cewa abin yana ɗaukar lokaci, wani sa'in ma mutum yakan ji kamar ciwon ƙaruwa yake kafin ya lafa.

Ya tambayi barcinsa, da cin abincinsa, da wanda yake hira da shi. Sannan ya yi wata tambaya da ta sa Najiba ta sunkuyar da kai.

"Me ya ce?" in ji Yusha'u.

"Wai... ko ka taɓa tunanin kashe kanka."

"A'uzu billahi! Ni Musulmi ne." Ya ɗaga kai ya kalli fanka. "Amma ki ce masa, da mutuwar za ta zo yau, ba zan guje mata ba."

Dole Najiba ta juya wannan magana da bakinta. Ta faɗa, Yusha'u yana kallonta, ya ji dama ƙasa ta buɗe ya shige.

Da suka koma gida Saude ta tambaye shi yadda aka yi. Ya ce, "Ko ƙwaya ɗaya bai ba ni ba. Surutu ne kawai, ya sa na sa yarinya kuka."

Duk da haka ya koma, don ba shi da wani wurin zuwa. Wannan karon ya ce Najiba ta jira a waje. Ya fara da guntun Yarabanci, ya haɗa da Turancin burokin, ya kai daidai inda taya ta fashe, sai kalmomi suka ƙare masa. Bai san lokacin da ya zarce da Hausa ba. Da ya farga ya tsaya, Mista Akanji ya yi masa alama da hannu ya ci gaba. Ya faɗi komai: nauyin ƙarfen, da yadda hannun Manniru ya yi sanyi a cikin nasa, da yadda yake kauce wa layin gidan marigayin don kada ya haɗu da 'ya'yansa. Mutumin da ke gabansa bai ji ko rabin abin da ya ce ba. Ya dai miƙo masa ruwa, ya yi masa sannu da Yarabanci, "Pele, Baba."

Makon nan Yusha'u ya sha wuya fiye da da. Abinci ya ƙi shiga. A zama na gaba aka koya masa yadda zai ja numfashi a hankali idan ƙirjin ya toshe, aka kuma ce ya fara zama a cikin keke tana tsaye. Maƙwabcinsa Abdulsamad yana da keke, ya riƙa ajiye masa ita a lungu bayan la'asar. Mutumin da ya ratsa ƙasar nan a kan buhuna sai ga shi zaune a keken da ba ta motsi, yana riƙe da ƙarfe hannu bibbiyu.

Ana cikin haka ƙanensa Mahmuda ya bugo waya daga ƙauye, ya ce jikin Inna ya yi tsanani, tana ta kiran sunan Yusha'u.

Ya ɗauki jaka ya taka har tasha. Ya ja numfashi yadda aka koya masa, ya shiga bas ya zauna kusa da ƙofa. Direba na tayar da inji ya ga ciyawa, ya ji warin albasa da man mota. Ya tsallake ƙafafun mutane ya faɗo waje. Wata mata ta ce a bar shi, ko farfaɗiya ce. Ya zauna a kan dakali yana kallo har motar ta fice.

Saude ce ta tafi, tare da mijin Najiba. Da suka isa suka kara wa tsohuwa waya a kunne.

"Ɗan nan, an ce ba ka iya shiga mota."

"Inna, na gwada."

"To ka zauna. Na yafe maka, Allah Ya yi maka albarka."

Bayan kwanaki kaɗan ta rasu. A ƙofar masallacin Sabo ya karɓi gaisuwa. Wasu sun tausaya masa, wasu kuwa ya gani a idanunsu suna mamakin ƙaton namiji da ya kasa zuwa jana'izar mahaifiyarsa saboda tsoron mota.

Ya daina zuwa wurin Mista Akanji. Ya ce da an fara da wuri, ko da mutumin ya san aikinsa, da ya ga Inna. Sai da zafin ya ɗan huce, Najiba ta yi ta lallashi, sannan ya koma. Ko zama bai yi ba ya jefa tambaya.

"Zan warke ko ba zan warke ba? Ka faɗa mini gaskiya."

Mista Akanji ya ce mutane da yawa da suka zo da irin wannan sun samu sauƙi, amma ba zai iya yanka masa rana ba. Yusha'u ya daɗe a tsaye, sannan ya jawo kujera.

Yanzu yana da ɗan tebur na dabino da goro kusa da masallaci. Harkar Shasha ta koma hannun wasu. Keken Abdulsamad tana kai shi har bakin Mokola a hankali, amma kafin shataletale yake sauka, wata rana ma ko ƙarshen layi ba sa kaiwa. Yana zuwa zaman nasa, wani mako ya dawo da ɗan sakin fuska, wani mako ya shige ɗaki ya ja labule.

Da damina ta faɗi Mahmuda ya bugo, ya ce ruwa ya fara shafe kaburburan da ke gefen maƙabarta.

"Ka samu dutse babba ka kafa a wajen kanta," in ji Yusha'u, "kada in zo in kasa gane wurin."

"To, Yaya. Yaushe za ka zo?"

"Ban sani ba, Mahmuda. Kai dai ka kafa dutsen."