Tsakar Gidan da Yaya Batul ta Ƙi Bari

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Batul makwancinta a Omdurman, amma har yau in na wuce inda ake suyar gyaɗa sai in ji kamar za a ƙwala mini kira a aike ni. Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta, kuma a wajenta ban taɓa girma ba. Ga furfura, ga surukai, amma da ta ce, "Usmanu, zo nan," sai in tashi jiki na rawa, ina tafe ina gunaguni. Bana ban yi niyyar rubuta komai a kanta ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar sayar da gidanta na unguwar Alsawra, wadda aka ce bakina kawai ake jira.

Mu Hausawan Sudan ne, 'ya'yan yankin Jazira. A gonakin auduga mahaifinmu ya ƙarar da ƙarfinsa, aure kuma ya kawo Yaya Omdurman. Mijinta bai yi tsawon rai ba, ya bar ta da yara biyu a ɗakin haya. Da kasko ɗaya ta fara. Ta soya gyaɗa, ta kai niƙa, ta ɗaura dakwa a leda, wato gyaɗar nan mai laushi da muke kwaɓa salak da ita. Daga baya ta ƙara da yajin agashe, naman da 'yan'uwanmu na Najeriya za su kira tsire. Masu gashin nama na unguwa suka ɗanɗana, suka daina daka nasu. Da wannan gyaɗar ta sayi fili, ta tayar da gida ɗaki bayan ɗaki.

Wanda bai ga tsakar gidan nan da hantsi ba, ba zai gane abin da nake kuka a kai ba. A katangar kowane gefe akwai naffaj, 'yar ƙofar nan da maƙwabta ke fasawa tsakaninsu, ta nan mata ke shigowa ba sai sun bi titi ba. Wata da goyo, wata ta bar tukunya a wuta za ta leƙa ta dawo. Wannan na tsince gyaɗa, waccan na juya kasko, wata na bakace, ana Hausa ana Larabci ana gulmar mazaje. Ni ne direba, ni ne ɗan aike, ni ne mai gyaran injin da ban iya gyarawa ba. Albashina shayi ne da faɗa.

Kayan Yaya sun daɗe suna ƙetare teku, amma a cikin akwatin mutane. Duk wanda zai tafi Jidda ko Riyad, ko aiki ko Umra, sai ta ji labari. Ranar tafiya za ka gan ni a ƙofar gidansa da ƙunshi, in ce Yaya ta ce amana ce, za a karɓa a can. Abin ya kai ga mutanen unguwa suna ɓoye ranar tashinsu kamar masu gudun bashi. A banza, don matansu a tsakar gidanta suke wuni. Akwai wani ango, ɗan maƙwabcinmu, da ledar dakwa ta fashe a akwatinsa ta wanke masa fararen jallabiyoyi tas. Da labarin ya iso, Yaya ta yi salati, ta jajanta, sannan ta tambaya ko yajin shi ya isa lafiya. Kai, Yaya!

Ita kanta ta san wannan ba hanya ba ce. Burinta kwantena ce, cike da kayanta, ta tashi daga tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan da sunanta a jikin kowane kwali. Ta faɗa, ta maimaita, har yara suka riƙa tsokanarta da Hajjar kwantena.

Sai ga wasu mutane na wani shirin tallafa wa ƙananan sana'o'i. Ni na fara yi musu dariya, na ce masu ɗaukar hoto ne su tafi. Gaskiya sun ba ni kunya. Sun koya wa matan yadda ake rufe kaya iska ba ta shiga, da yadda ake buga ranar da aka yi su. Sun taimaka aka samu injin niƙa da na liƙe leda, suka kuma kai Yaya baje kolin kaya a Khartum. A can wani ɗan kasuwa daga ƙasashen Larabawa na gabas ya ɗanɗana dakwar, ya koma ya sake ɗanɗanawa, ya ce zai zuba jari. Zai kama wuri a Soba, can bayan Khartum, ya kawo injuna, ita ta kawo hannunta da sunanta, kwantena ta riƙa tashi.

Ni na kai ta Soba ta ga wurin. Ta zaga, ta shafa bango, idonta na ƙyalli kamar na yarinya ranar sallah. Sai ta tambayi mutumin ma'aikata nawa ake bukata. Ya ce kaɗan ne, samari masu kula da inji. Ta ce to a bar tsinta da suya a gidanta, a kawo Soba a rufe. Ya ce ba zai yiwu ba, masu saye a can sai sun ga komai a ƙarƙashin rufi ɗaya, inda za a iya zuwa a duba tsafta. Ba mugun mutum ba ne, yana da hujjarsa. A hanyar dawowa, da muka hau gada, sai Yaya ta juyo wajena.

"Usmanu," ta ce, "ko ya yarda ya ɗauki matan nan, Hajja Asha ce za ta hau mota uku zuwa Soba, ta bar yara wa wa?"

Hajja Asha maƙwabciyarta ce ta jikin katanga, kuma ita ce mace ta farko da ta fara yi mata suya. Na ce, "Haba Yaya, ke kika haife su ne? Arziki ya zo har ƙofa!" Ta ce in kula da tuƙina. Washegari ta aika wa mutumin da godiya da kwalin yaji, ta ce ba za ta iya ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ɗauke ƙafa daga gidan har sai da ta aiko a ce in ban zo ba ita za ta zo ta same ni a gaban iyalina. Kuma bari in faɗa a nan, har yau ban ce ta yi daidai ba. Ina ganin da an daɗe ana magana da an samu tsaka-tsaki. Yaya dai in ta kafe, ta kafe. Bayan shekara biyu ciwo ya kwantar da ita, bai ɗauki lokaci ba. Kwantenar ba ta tashi ba.

'Yarta Nahid ta riƙe aikin, ta kuma riƙe shi da kyau, har yaƙi ya zo. Ba zan ba masu karatu labarin yaƙi ba, kowa yana da nasa. Matan tsakar gidan suka watse, wasu Atbara, wasu Masar, wasu har Kano wajen dangin da sunansu kawai suka sani. Wasu sun riga mu gidan gaskiya. Da ƙura ta ɗan lafa na dawo, na tarar gidana na unguwar Kalakla ba ya zaunuwa, sai na tare a na Yaya. Injunan babu, har wayar wuta an zare daga bango. Na zauna a bakin ƙofar ɗakinta na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Wani lokacin nakan ce Allah ya so ta da bai nuna mata wannan ba. Wani lokacin kuma nakan so a ce tana nan, ko don in ji abin da za ta ce. Yanzu kullum a rediyo taro ake yi kan zuba jari da farfaɗo da ƙananan sana'o'i da taimaka wa masu fitar da kaya. Na san za ta kasa kunne har ƙarshe, don ba ta raina irin wannan magana, ta ci moriyarta. Sannan ta ce madalla, to a turo wanda zai dawo mana da wuta da ruwa tukuna. Yaran da ke tallan kaya ta waya kuwa, da farko za ta ce lalaci ne, kafin mako ya zagayo ta sa an buɗe mata nata shafin.

Nahid tana Alƙahira. A kicin ɗin gidan haya ta sake farawa, da wasu mata 'yan gudun hijira irinta. Abin ya karɓu, har wani shiri mai taimaka wa ƙananan masu fitar da kaya ya haɗa ta da mai jari. Za a buɗe wurin aiki, kaya su riƙa zuwa ƙasashen da uwarta ta yi ta aika ƙunshi. Sharaɗin shi ne ta kawo nata kason, kuma ba ta da abin da za ta kawo sai gidan Alsawra. Ƙaninta ya yarda. Gidan nasu ne, ba ni da ko bulo a ciki, amma ta ce ba za ta sayar ba sai na furta da bakina.

Na ce mata a waya, "Gidan uwarki fa, Nahid. Ki dawo mu tayar da shi."

Ta ce, "Ya Kawu, in dawo in niƙa da me? Matan da ke tare da ni a nan kuma in ce musu me?" Sannan ta kawo zancen uwarta, ta ce, "Ba kai ne ka yi fushi da Yumma don ta ƙi irin wannan ba?"

Tirƙashi. Yarinyar da na goya ce ta ɗaure ni da igiyata. Na ce layin ba ya da kyau, na kashe.

Abin da ban gaya mata ba shi ne Hajja Asha ta dawo. Ta tsufa, ta rame, ɗanta da ya fita neman magani tun farkon yaƙi har yau babu labarinsa. Kowace safiya sai in ji ƙarar naffaj, ta shigo da tsintsiyarta ta share tsakar gidan nan kaf, har inda murhu yake a da. Ba ta taɓa tambayata komai ba, ni kuma na fassara abin da kaina: jira take a sake hura wuta. Da wane baki zan ce mata an sayar? Haka na yi ta jan ƙafa, Nahid na kira ina kallon wayar har ta katse, alhali na san mai jari ba zai yi ta jiranta ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na gaji da kaina. Na ɗauko kujera na zauna kusa da inda take shara, na yi ta kewaye-kewaye, daga tsadar gawayi zuwa ciwon gwiwa, sannan na faɗa mata.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Sai yau? Ai yarinyar ni ta fara kira kafin ta kira ka. Ni na ce ta sayar."

Na ce, "Ke, Hajja? To ku fa?"

"Mu namu ya wuce, Usmanu. Lokacin da Batul ta tsaya mana, yara ne a bayanmu. Da gyaɗar nan na ciyar da nawa har suka zama mutane. Yanzu masu goyon suna can wajen Nahid."

Na ce, "To sharar nan da kike yi kullum fa?"

A nan ne ta miƙe, ta dafa ƙugu, ta dube ni irin kallon da Yaya kan yi mini in na yi wauta. Ta ce, "So kake baƙo ya zo duba gidan Batul ya tarar da shi da datti?"

Na daɗe ina auna abin da Yaya ta bari da injuna da bango, ina ganin yaƙi ya cinye rabi, ni kuma ana so in sa baki a sayar da sauran. Ashe abin da ta bari yana tsaye a gabana da tsintsiya, wani kuma yana can Alƙahira ya ƙi barin matan da ke ci a hannunsa. Wannan ba a zare shi daga bango. Allah ya kai haske kabarinki, Yaya, ya yafe miki taurin kanki, ni ma ya yafe mini nawa.

A wurin na kira Nahid. Na ce, "Ki sayar, Allah ya sa albarka." Na ji tana kuka, ni ma na taya ta, muka ajiye wayar ba sallama. Hajja Asha ta jira har na goge idona, sannan ta sunkuya ta buga gindin tsintsiyarta a tafin hannu.

Ta ce, "To, tunda ka furta, ɗaga ƙafarka in share wurin."