Matar da Ta Zauna a Kan Hular Mijina

Kafin 'yan wasa su iso fili, Mama Verlene Tate, mai kula da lafiyarsu, ta riga ta fasa ƙanƙara, ta jera bandeji. Tana ɗaure wa mutum yatsu tana leƙa ƙwayar idonsa. Ba ta tambayar "ya jiki", don ta san ɗan ƙwallo ba ya faɗin gaskiya a kan ciwo. Makon nan za ta yi ritaya, kuma wallahi tsoro nake ji.

A da, mijina Dontrell mai cafe ƙwallo ne, a irin wasan nan da ake sa hular kwano ana banke juna. Ka ruga da gudu idonka na sama, ƙaton da zai banke ka yana tahowa ba ka ganinsa: aikin ke nan.

Shekarun baya, a wasan gwaji na ƙarshe, wanda daga shi ake tankaɗe da rairaya, wani ya yi masa karo da ka. Dontrell ya miƙe yana murmushi, ya nufi bencin abokan karawa maimakon nasu. Jama'a na ta dariya. Ni ina bayan shinge ina kallo.

Mama Verlene ta janyo shi, ta zare masa hular kwano, ta zauna daram a kanta. Ba hula, ba shiga fili.

"Mama, ki yi wa Allah ki ba ni," in ji Dontrell. "Gobe za su sallame ni!"

Koci ya taso yana kumfar baki. "Verlene, yaron nan garau yake!"

"Garau ko? To ɗana, faɗa mini sunan 'yarka ka karɓi hularka."

Ya buɗe baki. Ya waiwayo ya dube ni. Sunan ya ɓace masa. Yarinyar kuwa tana kafaɗata.

Sun sallame shi. Likita ya ce jini ne ya taru masa a ka, da ya ƙara karo ɗaya da sai dai gawa. Duk da haka ya daɗe yana gaba da Mama Verlene, ita kuwa ko a jikinta.

Mama, ke ce kika zaɓi ya tsane ki yana raye. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku da za ku gaje ta, ranar tana nan zuwa: koci zai yi tsawa, yaro zai yi kuka. Don Allah kada ku tashi daga kan hular.

Yau da safe na jiyo Dontrell daga kicin yana kiran 'yarmu: "Simone, fito, za ki makara!"