Baƙaƙen Shanun Uwaisu

Uwaisu ɗan gwaggona ne, taubashina, saboda haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa, shi ma bai taɓa raga mini ba. A Likoro aka haife mu, gida na kallon gida. Tun yana makarantar allo aka gane hannunsa ya fi kansa. Karatu sai a hankali, amma in aka ba shi allo ya yi zayyana, har daga Kudan ake aiko masa. Ran da aka tafi da shi elemantare gwaggo ta yi kuka kamar an yi mata rasuwa. Can ya haɗu da fensir, ya dawo ya koma gawayi, bangon gidan kowa ya shiga uku.

Bayan samun 'yancin kai da kaɗan, wani malamin makaranta a Makarfi, Malam Iliyasu, ya ga jakin da Uwaisu ya zana a ƙofar shagon wani tela. Shi Malam Iliyasu yana rubuta ƙananan littattafan karatu na yara, ana buga masa a wani kamfanin ɗab'i a Zariya, kuma ya gaji da hotunan da ake sa masa, jakuna masu kama da karnuka. Ya nemi mai zanen har gida. Daga nan suka ƙulla: Malam ya rubuta, Uwaisu ya zana, ya naɗe takardun a cikin tabarma, ya hau jirgin ƙasa ya kai Zariya. Da wannan sana'a ya tsufa. Bai yi arziki ba, bai kuma kwana da yunwa ba, ya auri Mairo, ya yi wa ɗakinsa rufin kwano, kuma duk yaron da ya yi boko a ƙasarmu a wancan zamani ya san kurarsa mai ɗingishi da gizonsa mai ƙaton ciki. Bai taɓa barin noma ba, ko da yake ni dai ban taɓa ganin kunyar da ya ja ta miƙe ba.

Gonar tasa kuwa Bobbo ne ya riƙe ta. Bobbo Bafulatani ne, ya girmi Uwaisu da kaɗan, kuma tun zamanin iyayensu in an gama girbi garken gidansu a gonar gidan su Uwaisu yake sauka. Shanu su ci kara, su bar taki, a ba su dawa, su ba da nono. Amma abin ya wuce dawa da nono. Su biyun sai su wuni a gindin ɗorawa ba wanda ya ce uffan, ɗaya na tufka igiya, ɗaya na zane, su tashi kowa ya ji ya sha hira. Ni in na zauna haka minti biyar sai ciwon kai ya kama ni.

Sai Malam Iliyasu ya zo da maganar littafin ƙirga na 'yan aji ɗaya. Shafin farko abu ɗaya, na biyu abu biyu, har goma, da lamba a ƙasa. Ya ce Uwaisu ya zana duk abin da ya ga dama. Mai hankali da sai ya zana tukwane. Uwaisu ya ce shanu, don su ya fi iyawa, kuma ga su a gonarsa. Ya san sarai Bafulatani ba ya son a ƙirga masa shanu. Kowa ya sani, ko yaron goye. Suna cewa abin da baki ya ƙirga raguwa yake yi, ga kuma masu jangali da su ma ƙirgar ce aikinsu. Amma a ganin Uwaisu saniyar takarda ba saniya ba ce. Da ya zana su yadda wasu ke yi, ƙafa huɗu da ƙaho biyu, da ba a ji komai ba. Shi kuwa ba ya iya yin ƙarya da fensir. Kowace da tsagar kunnenta, da tozonta, da yadda take riƙe kai. A shafin farko ya sa 'Yar Inna, tsohuwar saniya mai lanƙwasasshen ƙaho, wadda Bobbo ya samu daga hannun mahaifiyarsa.

Littafi ya fito, ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Aka raba a makarantu. Wata ranar kasuwar Kudan, Bobbo ya koro garke zai ba su ruwa, matarsa Sabuwa na biye da ƙwaryar nono, sai ga 'yan makaranta an taso su. Ɗaya ya hango lanƙwasasshen ƙaho ya ce ai ga saniyar littafi. Suka yi layi a bakin hanya, suna nuni da yatsa, suna rerawa yadda aka koya musu, ɗaya, biyu, uku, ba su ma tsaya a goma ba. Sabuwa ta ce mini a ranar ta ga fuskar mijinta ta yi fari fat. Ta karɓi littafin a hannun wata yarinya ta miƙa masa. Ya buɗe shafi ɗaya, ya rufe, ya mayar.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da sauƙi. Uwaisu ya je ruga, aka shimfiɗa masa tabarma, aka dama masa fura, aka gaisa har kan kaji. Ya kawo maganar littafi, Bobbo ya ce, "Ba komai, Malam." Ya sake kawowa, Bobbo ya tambaye shi ya jikin gwaggo. Da kaka ta zagayo, garke ya wuce Likoro ya sauka can wajen Saulawa.

Na tsokane shi, na ce to mai fensir, sai ka zana taki ka watsa a gonar. Bai yi dariya ba, sai na ji ba daɗi, don ban saba ganinsa haka ba. Ba taki ne ya dame shi ba. Yakan je gindin ɗorawar nan shi kaɗai ya zauna, ya dawo da takarda fara.

Ya je ya sami Malam Iliyasu, suka yarda in za a sake bugu a sa tulu da ludayi da kwando a madadin shanu. Amma na hannun yara fa? Nan Uwaisu ya yi abin da har yau in na tuna sai na murmusa. Ya ɗaure kwalbar tawada a bayan keke, ya bi makarantu, Kudan, Makarfi, Ikara, har da wata 'yar makaranta a Kurmin Kogi. A kowace sai ya roƙi hedimasta ya tara masa littattafan, ya zauna a baranda, ya bi farar saniya ɗaya bayan ɗaya yana shafe ta da baƙi, ya toshe tsagar kunne, ya miƙar da ƙaho. Wani hedimasta ya ce kayan hukuma ne, ba a taɓawa. Uwaisu ya ce shi ya zana, kuma bai gama ba ne. Ya yi ta zarya har mutumin ya gaji ya ba shi mabuɗin kabad. Na tambaye shi waɗanda suka tafi Katsina da Bauchi fa, ya ce can ba wanda ya san shanun, bakinsu ba zai kawo nan ba. Rani guda yatsunsa baƙi ƙirin, Mairo ta hana shi sa hannu a tuwo sai da cokali. Zanen da ya fi kowanne kyau a rayuwarsa, shi ya bi ya lalata da hannunsa, kuma bai aika wa Bobbo ya ce ga abin da nake yi ba.

Amma a kasuwa ba abin da ke ɓoyuwa. Bayan damina, ana tsakiyar yankan dawa, ina gidansu ina taya Mairo sussuka, sai muka ji sallama a zaure. Muryar Bobbo ce. Muka ajiye taɓarya, don ni ba na ɓoye cewa ina sauraron abin da ba a kira ni ba.

Suka gaisa, suka sake gaisawa. Can Bobbo ya ce, "An ce kana da shanu baƙaƙe, Malam. A nuna mini."

Uwaisu ya ɗauko littafi guda ya ba shi. Muna jin ƙarar takarda, shafi bayan shafi.

"Waɗannan ba nawa ba ne," in ji Bobbo.

"Ba naka ba ne."

"Munana ne kuma."

"Munana ne ƙwarai."

Sannan Bobbo ya ce, "Ba ka bar ko guda ba? Mai fari?"

Uwaisu ya ce duk wanda hannunsa ya kai gare shi ya shafe, har nasa na gida.

"'Yar Inna ta mutu da damina," Bobbo ya ce. "Tsufa ne. Na san tsufa ne." Ya gyara murya. "Yara suna tambayata kamanninta, ƙananan. In faɗa, sai in ga bakina bai kai ba. Ka zana mini ita. Ita kaɗai. Kada ka sa komai a ƙasa."

Na leƙa ta jikin asabari. Uwaisu ya ɗora takarda a gwiwa. Bai tambayi komai ba, ya fara daga ƙaho. Bobbo ya matso har kafaɗarsu ta haɗu, sau ɗaya kawai ya sa baki, ya ce kunnen hagun ya fi haka faɗuwa. Da aka gama ya daɗe yana kallo. Ya goge ido da bakin rawani, ya naɗe takardar a hankali ya sa a aljihun ƙirji, ya ɗauki sandarsa.

Sai da ya kai bakin ƙofa ya juyo.

"Ka ce wa Mairo ta kwashe kabewarta daga gona," ya ce. "Jibi muna tafe."