Sunan Inna a Jikin Ledar Agwagi

Da kakar bana shekara tara ke nan da aka kai mahaifiyata, Inna Dije, makwancinta a ƙauyenmu na ƙasar Bazaga. Duk shekara nakan yi mata sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, domin an buga sunanta a jikin leda an sayar da ƙazanta da shi a tsakiyar Konni, kuma wanda ya yi wannan aiki ba bare ba ne. Mamman ne, ƙanena, ciki ɗaya.

Inna mai kiwon agwagi ce. Gidanmu na bakin tafki, kuma tun ba mu karya kumallo ba take buɗe akurki su yi layi zuwa ruwa, toron a gaba yana huci. Mutanen ƙauyen da yawa ba sa cin agwagwa, wai ƙazamar tsuntsuwa ce. Inna takan harare su ta ce a ba agwagwa ruwa tukuna, a ga wa ya fi wani wanka. Idan rani ya ƙafar da tafkin, akwai gangar ƙarfe da ta sa aka raba mata biyu. Ni da Mamman muke jan guga mu cika ta, kuma ba mai wanke ko fuska a cikinmu sai agwagi sun gama nasu. Mun sha ƙunƙuni a kan haka, ba kuma ya hana gobe mu koma rijiya.

Abin da aka fi saninta da shi a kasuwa shi ne duba ƙafa. Idan za ta sayi agwagwa don ƙara iri, ba ta fara taɓa ƙirji kamar kowa. Sai ta kifa ta, ta buɗe fatar da ke tsakanin yatsun da babban yatsanta. In ta ga fatar sumul, mai laushi, to an yi ciniki. In ta ga faso ko kumburi ko baƙin gyambo, sai ta ajiye ta a hankali, ta juya kan mai ita ba a hankali ba.

"Wagga ba ta ga ruwa ba tun da anka ƙyanƙyashe ta," haka na ji ta faɗa wa wani dattijo mai gemu, a gaban jama'a. "Bisa kashinta ta tashi. Kai ka iya kwana bisa naka?"

Kada mai karatu ya ɗauka mace ce mai sanyin zuciya. Ba ta taɓa sa wa agwagwa suna ba, in baƙo ya zo kuma ba ta jinkirin miƙa ɗaya a yanka. Abin da ta tsaya a kai shi ne, dabbar da za ka ci amana ce a hannunka har ranar wuƙa.

Bara ne na shiga wani babban shago a nan Konni, irin na zamani mai firji jere da ƴan kwanduna, inda ma'aikatan gwamnati da matan ƴan kasuwa ke sayayya. A cikin firjin na ga agwagi figaggu a leda, an rubuta da jan fenti: Agwagin Inna Dije. Na san Mamman ya bar tuƙin mota ya kafa gidan kiwo a hanyar Malbaza, amma ban san ya kai haka ba. Hawaye suka zo mini. Na ɗauki ɗaya ina ji da kaina, har ina nuna wa mai karɓar kuɗi cewa uwata ce. Da na isa gida na farke ledar, hannuna da kansa ya kifa agwagwar yana neman ƙafa. Babu ƙafa, babu kai. An datse su tun daga gwiwa.

Na shirya na tafi ganin wurin, da niyyar sa albarka. Tun kafin in sauka daga babur ɗin kabu-kabu warin ya tare ni. Dogon ɗaki ne na kwano, zafi kamar bakin murhu, agwagi cunkushe ba inda ɗaya za ta buɗe fiffike. Ƙasan ya zama taɓo na kashi da ruɓaɓɓiyar ƙaiƙayi. Ruwan da ake ba su wani siririn bututu ne mai ɗigo, wanda ko baki ba ya shiga, balle kai. Idanunsu sun manne da kwantsa, gashinsu ya dunƙule. Na sunkuya na kama ɗaya na kifa ta, na kama ta biyu, na kama ta uku, duk ƙafafunsu faso ne da gyambo. Ban ƙara ba, na fita waje wurin Mamman. Wallahi ban taɓa jin ƙyamar wani abu na gidanmu ba sai ranar.

"Mamman, don mi kake yanke musu ƙahwa?"

"Yaya, haka aka yi yanzu ko'ina. Masu shago sun hi son shi tsab-tsab."

"Ko dai don kar a gani?"

Ya dai ce ruwa na da tsada a wurin, kuma zamanin rabin ganga ya wuce. Na san ruwa na wuya a ƙasarmu, ni ma a nan aka haife ni. Amma motarsa da ke tsaye a ƙofar wurin an wanke ta fes, ƙasan da ke gindinta ma bai bushe ba.

Na daɗe ina tambayar kaina me Inna za ta ce da wannan zamani, da ake kawo mana nama ba kai ba ƙafa, a sanyaye, mu kuma mu ɗauka mu ce ci gaba ne. Ina jin ba za ta fara da Mamman ba. Da mu za ta fara, mu masu kwanduna, da muka yarda a ɓoye mana abin da ba mu son gani. Ni da ta koya wa duba ƙafa da hannunta, jan fenti kawai ya rufe mini ido.

Na kai maganar wurin Hajiya Balki, ƙawata mai gidan abinci kusa da tasha, wadda direbobi ke cin farfesun agwagwarta. Ita ta tara matan unguwa, muka je shagon mu da dama. Buƙatarmu ɗaya ce: duk agwagwar da za a sa a firji a bar mata ƙafafunta. Mai shagon ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce tun da yake bai taɓa ganin an yi gayya don ƙafar agwagwa ba. Hajiya Balki ta ce to shi ci dariyarsa, shinkafa da mai da sabulu ma akwai su a kasuwa. Muka daina shiga. Makonni kaɗan ya aiko a ce mana ya ji.

Na san wa nake karya wa kasuwa, kuma ban yi barcin kirki ba a kwanakin. Mamman na da iyali da ma'aikata, ni kuma na goye shi a bayana. Da ya zo gidana ko zama bai yi ba.

"Yaya, ke da kanki?"

"Ni da kaina. Ka ba su ruwa, in kai ka shagon da hannuna. In ba ka iyawa, hidda sunan Inna."

Har ga Allah na ɗauka ruwan zai zaɓa. Na riga na fara tunanin inda za mu samo ganguna. Sati bai cika ba aka kawo mini sabuwar ledarsa: ya cire sunan, ya sa hoton wata farar agwagwa tana iyo a shuɗin ruwa. Yanzu Yamai yake kai agwagin, inda ba wanda ya san shi balle ya tambaye shi ƙafa. Sadakar bana bai zo ba, bai kuma aiko ba. Tabarmar da yakan zauna a kai na naɗe ta da la'asar ba wanda ya taka ta.

Me ya rage na Inna bayan shekara tara? Tafkin ya cike da yashi da ledoji, gangar ta ruɓe, ƴaƴanta biyu ba sa gaisawa. Wannan ciwon nawa ne, kuma ban san ranar warkewarsa ba. Amma shekaranjiya na shiga shagon, inda yanzu matan ƙauyukan Alela ke kawo agwagi da ƙafafunsu. Na ga wata amarya da lalle bai gama fita a hannunta ba, ta ɗauki leda ta kifa ta, ta danna fatar ƙafar da babban yatsa, ta yamutsa fuska ta mayar, ta ɗauki wata. Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce ita dai haka ta ga ana yi.

Ba ta taɓa jin sunan Dije ba, ni ma ban faɗa mata ba. Allah ya jiƙan Inna, ya kai haske kabarinta. Shi kuma Mamman, ƙofata a buɗe take, amma duk ranar da ya zo da agwagwa sai na kifa ta.