Gemun Lucius Pettway

Ni nake yanke ciyawar filin ƙwallon kwalejinmu, na ƙwallon Amurka da ake runguma a ruga da shi, a wani ƙaramin gari na jihar Mississippi, kuma na gaji da masu cika baki. Mutum ɗaya na sani da ya faɗi magana ya tsaya a kanta: Lucius Pettway, direban motar 'yan wasa.

Tun yana saurayi yake jan motar nan. Ba ya ihu a bakin fili, ba ya koya wa koci aikinsa. Ya kai yara, ya dawo da su. In an ci su, ya tsaya a hanya su ci soyayyar kaza su huce.

A wasan farko na kakar bara aka lallasa mu. A hanyar dawowa yaran suka yi tsit kamar gidan makoki. Lucius ya dube su ta madubi ya ce, "Reza ba za ta taɓa fuskata ba sai kun ci wasa."

Suka yi dariya. Mako ya bi mako, ana ta cin mu. Gemu ya fito fari fat, a yamutse, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Ga shi 'yarsa Charmaine za ta yi aure washegarin wasan ƙarshe, kuma shi zai riƙo hannunta ya shigar da ita coci. Matarsa Vernice ta same shi har fili, a gabana.

"Da wannan tsintsiyar za ka shiga hoton 'yata? Ko ka aske, ko ƙanena ya riƙo ta."

"Na riga na faɗa, Vernice."

"Ka faɗa wa yaran da ko ƙwallo ba sa iya riƙewa."

Na ce masa, "Mutumina, aske abinka. Wa zai kama ka?" Ya ce shi zai kama kansa.

Vernice ba ta ƙara bi ta kansa ba. Ranar Alhamis ta shigo wurin atisaye da tukunyar wake da burodin masara, ta ƙosar da ƙartin nan, sannan ta ɗora reza a kan benci. "'Ya'yana, kun ci abincina. Ranar Asabar ina son ganin haɓar mijina."

Wasan ƙarshen na ranar Asabar bai yi kyau ba, kada wani ya yi muku ƙarya. Ruwa aka sha, suka yi ta birgima a laka, suka kashe mini ciyawa. Amma dab da tashi wani siririn ɗan wasanmu ya rungume ƙwallo ya tsallake layi, mutum uku na rataye a bayansa. Da wannan muka ci wasan.

A tsakiyar fili suka zaunar da Lucius a kan bokiti, suka tuɓe hulunan kwano, kowa ya ja reza sau ɗaya. Sun yanke shi wuri biyu. Washegari ya shigar da Charmaine coci da filasta a haɓa, Vernice na cewa ko a haka ya fi.

Ranar Litinin ni na share gashin daga fili.