Shekarar da Zoben Baba Ya Koma Kore

Mahaifina mutum ne mai faɗa. Ina son sa, Allah ya ji ƙansa, amma idan na ce ba shi da faɗa duk Zongon Wagadugu za su ƙaryata ni. Tun daga bakin layi ake jin muryarsa idan ya taso daga rumfarsa ta yadi, kuma kafin ya iso ƙofar gida kowa ya samo wa kansa aikin yi. Ni kaɗai nake samun rangwame, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ba ya kama sunana, sai dai ya ce "uwata".

Zobba biyu na azurfa ne a hannunsa. Ɗaya mai jan dutsen akik, wanda ya ce yana tsayar da haɓo, yana kuma sanyaya zuciya. Haɓon dai na shaida, don an sha kawo masa yaran maƙwabta jini na zuba, ya ɗora musu dutsen a goshi ya yi bisimilla. Maganar sanyaya zuciya kuwa, Inna takan ce mu gode wa Allah da akwai akik ɗin, da babu shi da tuni mutumin nan ya cinye mu ɗanye.

Na biyun shi ne fairuz, dutse shuɗi fes, wanda ya gada daga kakanmu, falken tufafi da ya je Makka da ƙafa. Idan Baba ya fara bayanin wannan zobe, sai ka nemi wurin zama. Zai ce maka Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa zoben azurfa. Zai ce Allah da kansa ya ambaci yaƙutu da murjani da lu'ulu'u wajen siffanta ni'imar Aljanna, don haka duwatsun nan ba abin rainawa ba ne. Fairuz, in ji shi, yana ƙara hasken ido, yana tare kambun baka. Yakan rufe da cewa dutse ba ya yin komai da kansa, sababi ne, mai yi Allah ne. Akwai kuma wani abu da ba ya faɗa sai ya rage murya: fairuz yana sauya launi idan ajalin mai shi ya matso. Ya ce da idonsa ya ga dutsen ya dushe a hannun kakanmu, wata biyu kafin rasuwarsa.

A kan wannan zoben ne suka ɓata da ƙanensa, Baffanmu, mai lambu a unguwar Tanghin. A wani taron suna, gaban mutane, Baffa ya ce wannan magana camfi ce, kuma mutum ya yi hattara kada ya zame cikin shirka a kan tsakuwa. Tsakuwa ya ce. Baba ya tashi ya kaɗe rigarsa ya fita ko goron suna bai karɓa ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba sa ga-maciji, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tsakanin gidajensu ba a cika tafiyar minti ashirin a kan ƙaramin babur ɗin nan mobilet ba.

A daminar da nake ba da labari, shekara guda kafin a tashe mu daga tsohon Zongo, sanyin ƙashi ya kama yatsun Baba. Gaɓoɓin suka kumbura har fairuz ɗin ya ƙi fita. Ina aikin sakatariya a lokacin, to kullum na taso daga buro, wato ofis, bayan la'asar, sai in zauna gefen tabarmarsa in murza masa hannu da man kaɗanya. Ba na rowar man. Har ƙarƙashin zoben nake cusa shi, ina ganin kaina 'yar albarka.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zauna yana juya hannunsa a rana. Ya kira Inna.

"Zo ki duba. Idona ne, ko kuwa?"

Inna ta sunkuya ta duba, ta ce, "Alhaji, kamar ya ɗan yi kore-kore."

Ya yi salati a hankali. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ba kowa ake yi wa sanarwa ba."

Washegari na ja shi asibiti da ƙyar. Likita ya auna shi sama da ƙasa, ya ce ban da gaɓoɓi da ɗan hawan jini bai ga komai ba. Muna fita Baba ya ce mini, "Yaron nan jiya-jiya aka yanka masa rago. Dutsen nan ya girmi kakansa."

Daga ranar gidanmu ya koma wani gida. Faɗa ya ɗauke ɗif. Baba ya bi Zongo ƙofa ƙofa yana neman gafara. Ya nemi gafarar mai tura mana ruwa a duro, wanda ya kusa sakin kurar don mamaki. Ya nemi gafarar maƙwabciyarmu da tumakinta suka sha zagi a bakinsa shekara da shekaru. Ya ɗauki rediyonsa, wanda ko ƙura ba a yarda mu goge masa ba, ya ba ladanin masallacinmu. Ya je rumfarsa ya zaɓi farin yadi mafi kyau, ya auna da kansa, ya yanka, ya naɗe ya sa a akwati. Ya ce shi da ya shekara arba'in yana sayar da yadi ba zai yarda a saya masa likkafani mai arha ba.

Da farko har dariya muke yi a ɓoye ni da Inna. Sai muka ga tuwo yana dawowa kamar yadda aka kai shi. Hularsa ta fara yi masa yawa. Yakan zauna ya zuba wa jikokinsa ido ba ya ko ƙiftawa. Dutsen kuma kullum ƙara korewa yake yi, ni kuwa ina ƙara lafta masa man kaɗanya don tausayi.

Ɗan kunnena ne ya karye, na kai wa wani dattijo maƙerin azurfa a unguwar Larle. Yana aiki ina ba shi labari, don a kwanakin nan ko mai sayar da tumatir ya tambaye ni lafiya sai na ba shi labarin zoben. Sai ya jawo wani gwangwani ya zazzage, ya tsamo mini zobe mai koren dutse.

"Madam, wannan ma shuɗi ne da. Na wata mai suyar ƙosai ne. Tana nan da ranta, jiya ma ta zage ni." Ya ce fairuz dutse ne mai shan abu, idan ya sha mai ko sabulu sai ya juye. "Mai zoben naku yana taɓa mai?"

Ban san yadda na tuƙo mobilet na iso gida ba. Na sami Inna a madafa na zayyana mata komai, ina kuka ina dariya, na juya zan nufi ɗakin Baba. Ta cafke mini zane.

"Ina za ki?"

"In gaya masa mana, Inna!"

"Ki kama bakinki. Shekara arba'in ina gidan nan, sai watan nan na ji mutumin nan ya ce mini sannu da aiki." Ta ga yadda na dube ta, ta bar wasa. "Ke, saurara. Ɗazu ya ce ran Lahadi ki kai shi Tanghin wurin Baffanki. Saura shi kaɗai bai nemi gafararsa ba. Kika faɗa masa yau, wallahi ba zai je ba, kin san halinsa. Kwana uku ne. Bari ya je ya dawo."

Na ce mata mutumin nan fa ba ya cin abinci. Ta ce ta fi ni sani, ita take dafawa. Idonta ya kawo ruwa, ta ce hayaƙi ne.

Kwana ukun nan ban ji daɗinsu ba. Ina so su shirya da Baffa, amma ina kallon mahaifina yana lissafin kwanakinsa a kan abin da ni na jawo. Da la'asar na riƙa kewaye zoben da yatsa kada man ya taɓa shi. Ya lura, ya ce, "Shafa da kyau, uwata. Kwana nawa ya rage?" Na sunkuyar da kai na ce mobilet ce ta gajiyar da ni.

Ran Lahadi da hantsi ya sa farar riga, ya sayi goro fari manya aka ƙunshe masa a ganye, da kwalin sukari. Ya hau bayana. Da can idan na ɗauke shi sai mobilet ta yi nishi, ranar kuwa kamar buhun auduga na ɗauko. Ba wanda ya ce mini na cika gudu, ba wanda ya zagi mai taksin da ya matse mu. Muna hawa hanyar da ta ratsa baraj, wato madatsar ruwa, ruwa ya cika maƙil dama da hagu, sai ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Uwata, idan ta faru, ki kula da Innarki. Ba ta shan magani sai an tsaya a kanta. Kuma dare ba ta iya kwana ita kaɗai, ba za ta faɗa muku ba."

Na taka birki. Na ce ya sauka, ya sauka. Na durƙusa a bakin titi, masu keke suna wucewa suna kallonmu, na ce, "Baba, ka yafe mini. Ba mutuwa za ka yi ba. Man kaɗanya ne." Na faɗa masa komai, maƙerin Larle, mai suyar ƙosai, har da Inna, don na ga ba dalilin da zan sha faɗan ni kaɗai.

Ya daɗe yana kallon zoben. Ya dangwali yawu ya goga, ya kai hanci ya shinshina. Can sai na ji abin da na yi wata biyu ban ji ba.

"Rediyona!"

Wasu mata masu ɗauke da kwandunan salak suka tsaya cak. Baba ya buɗe murya sosai. Ya ce ya haifi 'ya ya kai ta lakwal, makarantar boko, ta dawo ba ta san bambancin dutse da ƙafar tsohuwa ba. Ya ce ya durƙusa wa mai tumaki a banza. Ya ce Inna da ni bakinmu ɗaya, muna jira ya mutu da yunwa muna cin nama. Ni kuwa ina durƙushe ina hawaye, wani daɗi ya cika ni, ban taɓa jin faɗa mai daɗin wannan ba.

Da ya gaji ya ce, "Juya. Gida."

Na juya kan mobilet ina tunanin da wane ido zan dubi Inna. Na kunna, na jira. Bai hau ba. Yana tsaye yana duban lambunan Tanghin da ke hayin ruwa, ƙunshin goro a hannunsa. Ya ɗan buɗe ganyen, ya taɓa goron, ya mayar.

"Goron nan na yau ne," ya ce, kamar da wani yake gardama. "Ba zai kai wani sati ba. Sake juyawa."

Mun sami Baffa a cikin lambu, wando a naɗe, yana ban ruwa da gwangwani biyu. Ya tsufa fiye da yadda na bar shi. Baba ya yi sallama. Baffa ya amsa, ya ajiye gwangwanayen, ya goge hannu a riga, ya tako yana ɗari-ɗari. Ya ce, "Yaya," ya miƙa hannu biyu. Suna gaisawa idonsa ya faɗa kan zoben.

Bai saki hannun ba. Ya juya shi a rana, ya dubi dutsen, ya dubi wuyan Baba da ya rame, ya sake duban dutsen. Shi ma yana nan lokacin da kakanmu ya kwanta. Mutumin da ya ce tsakuwa ce, sai ga shi ya kasa ɗauke ido daga kanta.

"Yaya, tun yaushe ya fara?"

Baffa ya zube gwiwa biyu a cikin laka, ya rungume ƙafafunsa, yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa a yafe masa, shi ne ƙarami, shi ya kamata ya zo tuntuni. Na dubi Baba ina roƙonsa da ido. Ya ɗan harare ni, wato in bar shi tukuna. Sai da ya bari ƙanensa ya yi mai isarsa, sannan ya kama kafaɗunsa ya ɗaga shi. Nasa idon ma ya yi ja.

"Tashi, kai. Man kaɗanya ne. 'Yarka ce ta shafe shi da man kaɗanya."

Baffa ya tsaya baki buɗe. "To, ba ciwo ba ne? Me ya kawo ka?"

"Ba komai. Zuwa na yi."

Baffa ya ja hanci, ya share fuska da hannun riga, lakar ta shafe masa gemu. Ya ce, cikin muryar da ba ta gama dawowa ba, "Ai na gaya maka camfi ne."

"Rufe mini baki," in ji Baba. "Akwai abinci a gidan nan? Wata biyu ban ci na ƙoshi ba."

Baffa ya bar gwangwanayensa a nan cikin salak, ya riƙe hannun yayansa suka yi gaba. Na biyo su a baya ina tura mobilet.