Ranar da Surukata Ta Tsotse Allura

Ɗana na fari yana da wata uku aka yi sanarwa a coci, bayan wa'azi, cewa masu allura za su zo garinmu Manchok ran Talata, a kai jarirai a yi musu riga-kafin tarin shiƙa. Shekarar ce motoci suka koma bin hannun dama. Ina koyarwa a firamare lokacin, ina kuma ji da bokona ƙwarai, don haka ni ce ta biyu a layi.

Da yamma cinyar yaron ta kumbura, jikinsa ya yi zafi, ya hana kowa sakat. Washegari na bar shi wurin uwar mijina na tafi makaranta. Da na dawo na tarar da ita a gindin rumbu tana sheƙar acca, yaro na barci a bayanta, fuskarta wasai.

"Na cire shi," in ji ta.

"Mama, me kika cire?"

"Maganin nan da sun sa masa. Na gasa wurin da ruwan zafi, na sa baki na ja, na tofar. Na shafa lemun tsami. Ka gani, yaro ya samu barci."

Haka mutanenmu suke yi wa lambar agana tun zamanin Turawa: mai lamba na juya baya sai a goge wurin da lemun tsami don kada ya yi gyambo. Na san da haka, ban dai taɓa zaton za a yi wa nawa ɗan ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma uwar miji ce, na haɗiye maganata, na je na huce a kan kwanuka.

Kafin wata ya zagayo tarin ya shigo unguwarmu. Jariri ya yi ta tari har numfashi ya ɗauke, idanu su firfito, sannan ya ja iska da ƙara kamar carar zakara. 'Yar maƙwabciyarmu, sa'ar ɗana, ran Asabar aka binne ta. Ni kuwa na sa wa raina cewa ɗana ba shi da kariyar komai, an tofar da ita a bayan rumbu. Ko atishawa ya yi sai in tashi in duba shi.

Ran Litinin na bar wa hedimasta ajina, na goya yaron, na hau a-kori-kura zuwa asibiti a Kafanchan. Surukata ta ce sai ta bi ni.

Na zayyana wa sista mai jinya komai, da Turanci ma, don kada tsohuwa ta ji. Sistar, wata gajera mai furfura, ta yi dariya har da dafa tebur.

"Haba Malama, da iliminka? Allura ba ƙaya ba ne. Ko dukan ƙauye sun zo sun tsotsa ba zai fita ba. Amma ɗaya bai isa ba, sai uku. Lokacin na biyu ma ya yi, kwance goyo."

Na zauna daɓas a benci. Ban san na gaji haka ba sai a lokacin. Daɗi ya rufe ni, kunya ma ta rufe ni, ina dariya hawaye na zuba.

Surukata ba ta ji farkon zancen ba, ta tambaye ni da yarenmu me aka ce, na fassara mata duka. Da sista ta ɗauko allura sai ta karɓi yaron daga hannuna, ta ɗora shi a cinyarta, ta riƙe ƙafarsa gam, ta kau da kai.

Muna jiran mota a bakin titi ta yi magana, da Hausa, ba ta dube ni ba.

"Huɗu na binne da tarin nan kafin in haifi mijinka. Dukansu da zafin jiki suka fara."

Shekara biyu ina gidanta ban taɓa ji ba. Na gyara wa yaron hula.

"Na ukun," ta ce, "ka faɗa mani ranar. Ka je makarantarka, ni zan kawo shi."